Yadda Ake Warware Ƙatuwar Lamba: Mu Gwada da 18,446,744,073,709,551,615

Ga lambar da za mu yi aiki a kanta: 18,446,744,073,709,551,615. Alƙaluma ashirin gare ta a jere. In ka ɗauko kalkuletar shago mai gida goma sha biyu ka fara buga ta, tun ba ka kai ƙarshe ba za ta daina karɓa. Ɗalibi yakan ga irin wannan lamba gabansa ya faɗi, ya ce ai wannan sai kwamfuta. Ni kuwa ina so in nuna maka cewa da takarda da fensir da ɗan haƙuri za ka iya sanin kusan duk abin da ake son sani game da ita: ko tana rabuwa, da waɗanne lambobi suka haɗu suka haife ta, da yawan lambobin da ke raba ta ba ragowa.

Ba haka kawai na ɗauko ta ba. Malamin tarihin nan Ibn Khallikan ya rubuta labarinta a shekarar 1256. Wani mai hikima a ƙasar Indiya, ana kiransa Sissa, ya ƙirƙiro wasan shaɗaranji, wanda yau aka fi sani da ces, ya kai wa sarki. Sarki ya ji daɗi, ya ce ya faɗi abin da yake so. Sai ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon wasan, biyu a gida na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har a cika gidaje 64. Sarki ya raina buƙatar. Da masu lissafin fada suka zauna, sai suka tarar duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba. Jimillar ƙwayoyin ita ce lambarmu. Tun kafin Ibn Khallikan ma, masanin lissafi Al-Biruni ya riga ya lissafo ta daidai wajen shekara ta 1000, ba shi da komai sai alƙalami da tawada.

Kayan aiki

Ka samu takarda mai faɗi, in da hali mai layi-layi irin ta littafin lissafi, don kowane alƙalami ya zauna a gidansa. Fensir ya fi biro, saboda za a yi gogewa. Kalkuleta tana da amfani ga ƙananan ninkawa, amma kada ka ba ta lambar gaba ɗaya. Ta waya za ta nuna maka wani abu kamar 1.8446744 da E19 a gefe, ta haɗiye sauran. Excel ma, shirin lissafi na kwamfuta, alƙaluma 15 na farko kawai yake riƙewa. In ka rubuta masa lambarmu, biyar ɗin ƙarshe sai su koma sifili ba tare da ya gaya maka ba. Wannan babbar ɓarna ce, don rabin aikinmu a kan wutsiyar lambar yake.

Kalma ɗaya kuma da za mu riƙa amfani da ita. Akwai lambobin da babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. A aji ana ce musu firam. Ni a nan zan riƙa kiran irin wannan lamba gagara-rabo. Su ne tubalan da ake gina kowace lamba da su, kuma kowace lamba hanyar gininta ɗaya ce tak: 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5, ba wata hanya kuma.

Mataki na farko: rubuta ta, ka karanta ta

Ka raba alƙaluman uku-uku daga dama, ka sa waƙafi. Za ka sami rukuni bakwai: 18, 446, 744, 073, 709, 551, 615. Daga dama sunayen rukunan su ne ɗaiɗai, dubu, miliyan, biliyan, tiriliyan, kwadiriliyan, kwintiliyan. Ke nan lambar ita ce kwintiliyan 18, da kwadiriliyan 446, da tiriliyan 744, da biliyan 73, da miliyan 709, da dubu 551, da 615. In sunayen biyun ƙarshe sun yi maka nauyi a baki, ka ce biliyan sau biliyan, har sau goma sha takwas da ɗoriya.

Wanda ya yi karatu da Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, ya kula: abin da ake kira biliyan a Najeriya shi ne miliyar a wurinsu, biliyan ɗinsu kuwa shi ne tiriliyan a nan. Alƙaluman ba sa canzawa, sunan ne ke canzawa, don haka ka dogara da alƙaluman.

Kada ka manta da sifilin da ke gaban 73. Shi ne aka fi yarwa wajen kwafa, kuma da zarar ya faɗi duk lissafin da zai biyo baya ya lalace.

Mataki na biyu: auna girmanta da abin da ka sani

Wannan ba ya cikin warwarewa, amma yana sa ka san da wa kake kokawa. Mu ƙaddara ƙwayar alkama dubu ɗaya nauyinta giram 40. Ladan Sissa zai kai wajen tan biliyan 738, wato buhu mai kilo ɗari fiye da tiriliyan bakwai. Duniya duka a yanzu tana noma kusan tan miliyan 800 na alkama a shekara, ke nan sai an tara noman sama da shekara 900 ba a taɓa ko tiya ɗaya ba. In kuwa ƙirga za ka yi, ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, dare da rana, za ka buƙaci kusan shekara biliyan 585.

Mataki na uku: gwaje-gwajen gaggawa

Akwai tambayoyin da lamba ke amsawa da kallo kawai, ko da ɗan tarawa.

Fara da wutsiya. Ta ƙare da 5, saboda haka mara ce, biyu ba ta raba ta. Da wannan kaɗai ka kori 4, 6, 8, 10 da duk wata lamba cika. Ƙarewa da 5 kuma na nufin 5 tana raba ta. To 25 fa? Dubi alƙaluma biyu na ƙarshe: 15. Lambar da 25 ke rabawa dole ta ƙare da 00, 25, 50 ko 75. Ke nan 5 tana cikinta sau ɗaya ne kawai.

Sai 3 da 9. Tara alƙaluman duka, rukuni-rukuni don kada ka rikice. Na 18 sun ba da 9, na 446 sun ba da 14, na 744 sun ba da 15, na 073 sun ba da 10, na 709 sun ba da 16, na 551 sun ba da 11, na 615 sun ba da 12. Jimilla 87. Uku tana raba 87 (sau 29), don haka tana raba lambarmu. Tara ba ta raba 87, ragowa 6 ake samu. Ka rubuta wannan 6 a gefen takarda ka zagaye ta, za mu dawo mata.

Ga wata dabara da nake ƙauna, wadda ba a cika koyar da ita ba, ta gwada 7 da 11 da 13 a lokaci guda. Sirrinta shi ne 7 × 11 × 13 = 1001, wadda ta ɗara dubu da ɗaya tak. Ka ɗauki rukunan nan na uku-uku daga dama, kana ɗebewa kana tarawa bi da bi:

615 − 551 = 64
64 + 709 = 773
773 − 73 = 700
700 + 744 = 1444
1444 − 446 = 998
998 + 18 = 1016

Ƙatuwar lamba ta koma 1016, kuma duk ragowar da 1016 za ta bari in an raba ta da 7, 11 ko 13, ita ce ragowar da uwar za ta bari. Cire 1001, saura 15. Raba 15 da 7, ragowa 1. Da 11, ragowa 4. Da 13, ragowa 2. Babu ko ɗaya a cikin ukun da ke raba ta.

Zuwa nan mun san 3 da 5 suna ciki. In ka raba da 15 za ka sami 1,229,782,938,247,303,441. A nan ne mutane da yawa ke ɓata. Sai su ci gaba da gwada 17, 19, 23, 29, ɗaya bayan ɗaya, a kan lamba mai alƙaluma goma sha tara. Za ka dace da 17, amma bayanta sai ka yi rabawa mai tsawo fiye da arba'in kafin ka sake kama wani abu. Akwai hanyar da ta fi.

Mataki na huɗu: tambayi asalinta

In baƙo ya sauka a gari, kafin a san halinsa akan tambayi daga ina yake, ɗan gidan wa ne. Haka ma ƙatuwar lamba. Da wuya ka haɗu da ita ta faɗo daga sama. Yawanci wani aiki ne ya haife ta, ninkawa ko tarawa, kuma siffar wannan aikin ita ce makullinta.

Koma kan allon. Gida ɗaya, ƙwaya 1. Gida biyu, 1 + 2 = 3. Gida uku, 7. Gida huɗu, 15. Gida biyar, 31. Kowace jimilla ta gaza ninkin biyu na gaba da ɗaya: 2, 4, 8, 16, 32. Saboda haka jimillar gidaje 64 ita ce biyu da aka ninka da kanta sau 64, a cire ɗaya. A taƙaice ana rubuta 2^64 − 1.

Kada ka yarda da ni, ka gwada. Ba sai ka ninka biyu sau 64 ba. Ninka lamba da kanta kawai: 2 × 2 = 4, 4 × 4 = 16, 16 × 16 = 256, 256 × 256 = 65,536, sai 65,536 × 65,536 = 4,294,967,296. Wannan ta ƙarshe ita ce 2^32, in ka ninka ta da kanta sai 18,446,744,073,709,551,616 ta fito, wadda ta fi tamu da ɗaya. Ninkawa shida ke nan.

In aka ba ka lamba a siffar biyu-sau-kanta kana son sanin yawan alƙalumanta ba tare da ka lissafo ta ba, ninka yawan biyun da 0.30103, ka yar da abin da ke bayan ɗigo, ka ƙara ɗaya. A nan 64 × 0.30103 = 19.27, ke nan alƙaluma 20. Ya yi daidai.

Mataki na biyar: tsaga ta gida biyu, ka sake tsagawa

Akwai ƙa'idar da ake koyarwa a ƙaramar sakandare: in ka ninka lamba da kanta ka cire ɗaya, daidai yake da ninka ƙanwarta da yayarta, wato wadda ta gaza ta da ɗaya da wadda ta fi ta da ɗaya. Misali 10 × 10 − 1 = 99 = 9 × 11. Ga inda wannan ƙaramar ƙa'ida za ta yi maka aikin gatari.

Lambarmu ita ce 4,294,967,296 sau kanta, ban da ɗaya. Don haka:

18,446,744,073,709,551,615 = 4,294,967,295 × 4,294,967,297

Ƙanwar, 4,294,967,295, ita ma 65,536 ce sau kanta ban da ɗaya, sai ta tsage zuwa 65,535 × 65,537. Ita kuma 65,535 ta zama 255 × 257. Sai 255 ta zama 15 × 17, 15 ta zama 3 × 5. Kamar mai faskare ne da ya gane bakin itace, kowane sara ɗaya sai ya buɗe. A layi biyar, ba tare da rabawa mai tsawo ko ɗaya ba, mun samu:

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297

Ga 3 da 5 da muka gano tun farko, sun fito da kansu. Ga kuma dalilin da ya sa gwaji ɗaya bayan ɗaya zai gajiyar da kai: tsakanin 17 da 257 babu komai.

Mataki na shida: ƙwallon da ya gagari Fermat

A nan za mu daɗe, don a nan daɗin yake.

Dubi lambobin nan shida. Kowace ta fi wani ninkin biyu da ɗaya: 2 + 1, 4 + 1, 16 + 1, 256 + 1, 65,536 + 1, 4,294,967,296 + 1. Ana kiransu lambobin Fermat, da sunan Pierre de Fermat, lauya kuma masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa. Ya duba biyar na farko ya ga duk gagara-rabo ne, sai a 1640 ya bayyana cewa yana da yaƙinin duk 'yan gidan haka suke. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ta shida, 4,294,967,297, ita ce ta warware zancen, amma sai bayan shekara 92, lokacin da Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a birnin San Fitasbag na Rasha, ya nuna a 1732 cewa tana rabuwa. Ban ga laifin Fermat ba. In za ka gwada ta da ƙarfin tuwo, akwai gagara-rabo fiye da dubu shida da ke ƙasa da 65,536, kowace tana jiran a yi mata rabawa mai tsawo.

Ga hanyar rage su. Euler ya tabbatar da cewa duk gagara-rabon da za ta raba 2^32 + 1 dole ta zama ninkin 64 da ɗaya a kai. Dalilin a taƙaice shi ne: in kana ninka biyu kana rabawa da wata gagara-rabo kana riƙe ragowa kawai, ragowar takan yi zagaye ta dawo kan 1. In lambar tana raba 2^32 + 1, to tsawon zagayen nan 64 ne cif. Shi kansa Fermat ya gano cewa tsawon zagayen dole ya raba lambar in an cire mata ɗaya. Ka ga da makamin Fermat aka karya zancen Fermat.

To jera ninkin 64, ka ƙara wa kowanne ɗaya: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Soke waɗanda ke rabuwa: 65 da 385 na 5 ne, 129 da 321 da 513 na 3 ne. Saura 193, 257, 449, 577, 641.

Yanzu gwajin. Ba sai ka raba lamba mai alƙaluma goma ba. Ka fara da 256, wato 2^8, ka ninka da kanta ka riƙe ragowa, ka sake ninka ragowar da kanta ka riƙe ragowa. Abin da ya fito shi ne ragowar 2^32. Kana neman ya gaza lambar da kake gwadawa da ɗaya, don in an ƙara ɗayan nan a cike gurbi.

Mu gwada 193. Cire 193 daga 256, saura 63. Sai 63 × 63 = 3,969; 193 × 20 = 3,860, ragowa 109. Sai 109 × 109 = 11,881; 193 × 61 = 11,773, ragowa 108. Muna neman 192, mun sami 108. Ba ita ba ce. In ka yi wa 257 haka za ka sami 1, 449 za ta ba ka 324, 577 za ta ba ka 287. Duk sun faɗi.

Sai 641. A hankali. 256 × 256 = 65,536. 641 × 102 = 65,382. Ragowa 154. Sai 154 × 154 = 23,716. Yanzu ninka 641 da 37: 23,717. Dubi lambobin nan biyu gefe da gefe a takardarka, 23,716 da 23,717. Tazarar ɗaya ce tak, ɗayan nan da muke nema. Duk sanda na kai wannan layi sai na ji wani sanyi a raina, don abin da ya ɓoye wa babban masani tsawon rayuwarsa ga shi a rabin shafi.

Yanzu ka yi rabawar sau ɗaya: 4,294,967,297 ÷ 641 = 6,700,417. Tabbatar da ninkawa: 6,700,417 × 600 = 4,020,250,200; × 40 = 268,016,680; × 1 = 6,700,417. Tara ukun, 4,294,967,297 ta dawo.

Mataki na bakwai: tabbatar da cewa tubalan ba sa ƙara fashewa

Kada ka ajiye fensir tukuna. Dole ka nuna kowanne daga cikin sassan gagara-rabo ne. Ƙa'idar ita ce, ba sai ka gwada har ka kai lambar kanta ba. Ka tsaya a lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai ko ta wuce wadda kake bincike. In da akwai mai raba ta a sama da nan, da abokin ninkinsa ya riga ya bayyana a ƙasa.

Su 3, 5, 17 ba sa buƙatar magana. Ga 257, 17 × 17 ta riga ta wuce ta, don haka 2, 3, 5, 7, 11, 13 kawai za ka gwada, babu mai raba ta. Ga 641 ka tsaya a 23. Ga 65,537 iyakar ita ce 256, kuma irin ƙa'idar Euler ta ce mai raba ta sai ninkin 32 da ɗaya a kai. Gagara-rabo biyu ne kacal masu wannan siffa a ƙasa da 256: 97, wadda ke barin ragowa 62, da 193, wadda ke barin 110.

Saura babbar, 6,700,417. Iyakarta 2,588. Duk mai raba ta yana raba 2^32 + 1, don haka ƙa'idar tana nan. Édouard Lucas, wani Bafaranshe, ya ƙara tsananta ta a 1878: ba ninkin 64 kawai ba, dole ninkin 128 da ɗaya a kai. Jera su daga 129 zuwa 2,561, guda ashirin ne. In ka soke masu rabuwa, biyar za su rage: 257, 641, 769, 1,153, 1,409. Ragowar da suke bari a jere ita ce 170, 44, 120, 334, 622. Babu sifili. Ita ma gagara-rabo ce.

Ga cikakken ginin lambarmu:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Ka tuna 6 ɗin da ka zagaye? Tara alƙaluman kowane tubali har su koma alƙalami ɗaya: 3, 5, 8, 5, 2, 8, 7. Ninka su bi da bi kana taƙaitawa haka: 3 × 5 = 15, ta koma 6; 6 × 8 = 48, ta koma 3; 3 × 5 ta koma 6; 6 × 2 ta koma 3; 3 × 8 ta koma 6; 6 × 7 = 42, ta koma 6. An dace. Wannan gwaji ba ya kama kowane kuskure, misali in ka musanya gurbin alƙaluma biyu ba zai gani ba, amma yana kama mafi yawa.

Mataki na takwas: karanta halayenta daga tubalan

Da zarar tubalan suna hannunka, sauran tambayoyi sun zama masu sauƙi.

Lambobi nawa ne ke raba ta daidai? Kowane mai raba ta ana gina shi ne da zaɓen wasu daga cikin tubalan bakwai, kowane tubali ko ka ɗauka ko ka bari. Zaɓi biyu sau bakwai, 2^7, wato 128, har da 1 da ita kanta. In tubali ya maimaitu a wata lamba, ka ƙara ɗaya a kan yawan maimaituwarsa, shi ne yawan zaɓinsa.

In aka tara su 128 ɗin fa? Ƙara wa kowane tubali ɗaya ka ninka: 4 × 6 × 18 × 258 × 642 × 65,538 × 6,700,418 = 31,421,980,989,189,888,768. Cire lambar kanta, saura 12,975,236,915,480,337,153, wanda bai kai ta ba. Tsofaffin masana na Girka da na Larabawa sun kasa lambobi uku ta wannan fuska: kammalalliya irin 6, wadda masu raba ta 1, 2, 3 ke haɗuwa su ba da ita cif, mai rara irin 12, da mai giɓi. Tamu mai giɓi ce.

Akwai lambar da za a ninka da kanta a same ta? Babu. Ba tubalin da ya zo sau biyu, kuma duk irin wannan lamba in ta ƙare da 5 to da 25 take ƙarewa. Abin da ya fi wannan daɗi: raba alƙaluma uku na ƙarshe, 615, da 8. Ragowa 7. Lamba mai wannan ragowa ba ta taɓa zama jimillar murabba'i biyu ko uku ba, murabba'i kuwa shi ne lamba sau kanta, kamar 9 ko 16. Masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace lamba. Ke nan tamu sai da huɗu cif, kamar yadda 7 ita ma sai 4 + 1 + 1 + 1.

A harshen kwamfuta, mai amfani da 0 da 1 kawai, lambarmu 1 ce sau 64 a jere, kowane 1 gida ɗaya ne na allon Sissa. Shi ya sa ita ce lamba mafi girma da ke shiga ma'ajiya mai bit 64, wato gurbi 64 na 0 ko 1, irin ta wayoyi da kwamfutocin yanzu. In aka ƙara mata ɗaya sai ma'ajiyar ta koma sifili. Tubalinta 65,537 ma yana aiki a aljihunka: shi aka fi sawa cikin makullin tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda shafukan intanet da yawa ke dogara da shi. In kana da manhajar Python a waya ko kwamfuta, rubuta 2**64 - 1 za ka ga alƙaluma ashirin cikakku, pow(2, 32, 641) kuma zai ba ka 640.

Gargaɗi ɗaya. Tsagawar mataki na biyar ta yi aiki ne saboda 64 tana rabuwa biyu-biyu har ƙasa. In yawan biyun gagara-rabo ne, gatarin ba shi da bakin kamawa, kuma lambar tana iya zama gagara-rabo ko kada ta zama. 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, gagara-rabo ce, Euler ya tabbatar a 1772. Amma 2^11 − 1 = 2,047 = 23 × 89. A cikin wannan dangi ne aka gano 2^136,279,841 − 1 a watan Oktoban 2024, gagara-rabo mai alƙaluma 41,024,320, kuma wannan kam aikin kwamfutoci masu yawa ne.

Yanzu naka aikin

Ɗauki allon dara mai gida talatin, ka yi masa abin da Sissa ya yi wa nasa. Jimillar ita ce 2^30 − 1 = 1,073,741,823, alkamar da ba ta wuce buhu 430 ba. Fara da wutsiya, sannan ka tara alƙaluman; za ka ga a wannan karon 9 tana shiga. Gwajin 1001 zai kama maka tubala biyu. Tsagawa za ta ba ka 32,767 × 32,769, daga nan ta tsaya, don 32,768 da ke tsakaninsu ita ce 2^15, 15 kuwa mara ce. Sauran sai ka bi da rabawa, kuma ba ta da yawa. In ka gama ya kamata ka sami 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, masu raba ta kuma 96.